Hular Bututun Maitama

Duk Kaura Namoda babu wanda ya san hayaƙi kamar Malam Maitama. Shi ya faɗa, kuma ya maimaita har wasu suka yarda don su huta. In ka zauna kusa da shi minti biyar za ka ji cewa shekara talatin ya yi a aikin jirgin ƙasa, kuma da ya hango hayaƙin jirgi daga nesa yana iya gaya maka abin da ke damun injin. Mu da muka tashi a unguwa ɗaya da shi mun san aikin nasa: ƙofar tasha yake buɗewa da safe, ya rufe da yamma. Amma ba mu cika gyara masa zance ba, domin in ka gyara sai ya koma farko.

Gidan Maitama kuma shi kaɗai ne mai bututun hayaƙi a layinmu. Ba dabararsa ba ce, ta matarsa Kulsumu ce. Ranar bikin autarsu Hamida, uwar ango, wato Hajiya Ladidi ta Shinkafi, ta kai lomar tuwo baki, ta tauna a hankali, sannan ta ce a gaban mata, "Tuwon Kaura ba shi da laihi, in mutum na son hayaƙi." Maganar nan ta tsaya wa Kulsumu a rai. Sati bai zagayo ba ta sa aka gina mata murhun laka mai baki biyu a kicin, aka fitar da bututun ƙarfe daga bayansa, ya yi gwiwa a saman tukunya, ya huda kwanon rufi ya fita sama da 'yar hularsa mai kare ruwa. Tun daga nan take jiran ranar da Hajiya Ladidi za ta sake cin tuwonta.

Ranar kuwa ta zo. Hamida ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya ranar Lahadi, aka sami mace. Suna sai Lahadi mai zuwa, kuma dangin miji za su zo daga Shinkafi, mota guda. Kulsumu ta tanadi shinkafar tuwo fara sol, ta ware ta kashi biyu. Sai ga shi ranar Litinin wata iska ta taso gaban ruwa, ta fizge hular bututun ta yi gabas da ita. Har yau ba a san inda ta sauka ba, ko da yake akwai wanda ya rantse ya ga irinta a kan akurkin kaji a can ƙauyen Ɗan Isa. Ga shi tsakiyar damina, ga ruwan wankan jego da ake dafawa safe da yamma, ga girkin suna da ba shi yiwuwa a tsakar gida.

"Malam," in ji Kulsumu, "ka tahi wurin Ndubuisi ka amso irin wadda tat tahi. Irinta dai. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"Ke kina gaya wa mai jirgi abin da ad daidai da bututu?" in ji Maitama, yana gyara hularsa. "Ki zuba ido. Hular da zan ɗora, duk inda iska tab bi, can za ta juya da kanta. Mutanen Shinkahi sai sun mance da tuwo don kallo."

"Ni tuwon nike so su tuna."

Bai ji ba, ya riga ya fita.

Ndubuisi mai walda haifaffen Kaura ne, shagonsa na bakin kasuwa, kuma shi ya haɗa bututun tun farko. Ya jera wa Maitama huluna uku a kan benci. Ya ɗaga ta farko, 'yar madaidaiciya mai tsini da ƙafa uku.

"Baba, wagga ita ta taku. A bar tazarar yatsa huɗu tsakaninta da bakin bututu. Hayaƙi shi hita, ruwa shi zame. Shi ke nan aikin."

Maitama ya juya ta a hannu ya taɓe baki. "Malhwa. Surukaina su taho tun daga Shinkahi su ɗaga kai su ga malhwar manomi bisa gidana?"

"To ga wagga mai hannu biyu."

"Kamar ɓarawon da anka kama cikin kasuwa. Aje ta."

"Ga shimhiɗaɗɗa."

"Hwaihwai. In na ɗora ta, kaji su hau su yi ƙwai."

"Baba, ruwa ba shi kallon kyau."

"Yaro, ka taɓa tuƙa jirgi?"

"A'a. Kai hwa, Baba?"

"Ni nike tambaya, ba kai ba," in ji Maitama. Ya kaɗa riga ya fita hannu rabbana, yana cewa masu walda na yanzu sai haɗa ƙofa da taga, ba su san ilimin iska ba.

Ranar Talata hadari ya haɗu tun da hantsi. Maitama ya ce kafin ya gama nazarin babbar hula bari ya sa ta wucin gadi. Ya leƙa ɗakin Kulsumu ya ga ba kowa, ya buɗe kabad, ya zaro samira mai furanni daga cikin jeren da uwarta ta bar mata, wadda ko ruwa ba a taɓa zubawa a ciki ba. Ya jingina tsani daga waje, domin kicin ɗin a jikin katangar titi yake, ya hau, ya kife samirar a bakin bututu, ya danna da kyau, ya ɗaure da waya.

Maƙwabcinsa Tsoho, wanda suka yi shekara arba'in suna musu a kan komai, yana zaune a kan dakalinsa yana gyaran fartanya.

"Maitama, ta ina hayaƙin za shi hita?"

"Hayaƙi ba shi rasa hanya. Wanda yay yi jirgi ya san haka."

Gaskiya ya faɗa, bai rasa ba. Kulsumu ta hura wutar ruwan wanka, hayaƙin ya hau ya tarar da ƙofa a rufe, ya juyo ya fito ta bakin murhu gaba ɗaya. Kaji biyu da ke fakewa a kicin su suka fara fitowa, sai Kulsumu a bayansu tana tari, idanu jajur, muciya a hannu. Ta fito har zaure, ta ɗaga kai, ta ga abin da ke kan bututu. Sai ta dubi Maitama, wanda ke kan tsani har yanzu.

"Samirar Inna ta waccan?"

"Aro na yi."

"Sauko da ita."

"Ki bari hayaƙin shi saba, yau ta rana ta hwarko."

"Malam, sauko da ita, ko in ɗauke tsanin."

Aka sauko da samira, cikinta ya yi baƙi ƙirin, furannin gefe sun dafe. Maitama ya ce ai yanzu an san inda matsalar take, wato gwajin ya yi nasara.

Ranar Laraba ya wuni a wurin mai gyaran keke. Da la'asar ya dawo da abin da ya kira injin: fukafukan tsohuwar fanka guda uku a kan cibiyar ƙafar keke, da murfin tukunya a sama. Ya ce iska za ta juya fukafukan, su zuƙo hayaƙi, su kuma watsar da ruwa kafin ya taɓa bututu. Ya ɗora, ya sauko, ya tara mu muka tsaya muna kallo. Iska ta ɗan kaɗa, abin ya motsa, sai ya fara kuka, ƙiii-ƙiii-ƙiii, ba tsayawa. Zabin Tsoho guda tara suka ɗauka 'yar uwarsu ce ta maƙale a sama, suka taru a gindin katanga suna amsawa. Jaririyar da ke ɗaki ita ma ta shiga. Ladan ya zo wucewa zuwa masallaci ya tsaya ya tambaya ko lafiya.

"Sabon inji na," in ji Maitama. "Haka jirgi ka yi kahin shi gama zama."

Da safen Alhamis iska ta ƙaru, injin ya gama zama. Ya juya har ba a ganin fukafukansa, ya tsinke waya, ya tashi sama kamar da gaske, ya tsallake katanga ya faɗa gidan Tsoho. Akwai gwanda guda a gidan, mai 'ya'ya bakwai da Tsoho ke ƙirgawa kullum yana jiran su nuna. Injin ya fille mata kai.

Tsoho ya fito da kan gwanda a hannu ɗaya, fanka a ɗaya hannun.

"Ga jirginka ya iso tasha."

"Ka gani ko?" in ji Maitama, yana duba fukafukan da sha'awa. "Ƙarhi yay yi mai yawa. Bututun na ƙarami, ba injin ba."

"Gwandata hwa?"

"Ta yi tsawo dama. Za ta yi rassa."

Ranar ce Lucy, matar Ndubuisi, ta shigo barka da sabulu da 'yan kayan jarirai. Da za ta tafi ta jawo Kulsumu gefe, ta zaro wani abu daga jaka naɗe a cikin buhu. 'Yar malfar nan ce mai ƙafa uku. Ta ce maigidanta ya ce a ajiye, ko ba yau ba. Kulsumu ta tura ta ƙarƙashin gado, ta ce da daddare ko da rana za ta sa a ɗora. Amma tsani ɗaya ne a layin, kuma Maitama ya sa masa sarƙa da kwaɗo, wai kada 'yan hassada su hau su saci fasaha.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ji hayaniya daga bakin titi. Keke napep ne ke tafe a hankali, a kansa an ɗaure wani ƙaton farantin dish na kama tashoshin talabijin, irin na da, wanda Armiya'u na unguwarmu ya cire lokacin da ya rufe gidan kallon ƙwallonsa. Maitama na zaune a baya ya fito da hannu ɗaya yana riƙe da gefen farantin, ɗaya hannun yana ɗaga wa jama'a. Ya sa direban ya bi ta gaban shagon Ndubuisi da gangan.

Ndubuisi ya biyo su har gida. Ya zagaya farantin sau biyu.

"Baba, nauyi gare shi, amma in an kihe shi an yi mai ƙahwahu huɗu bisa katanga, shina iya yi."

"A kihe? Ka taɓa ganin dish na kallon ƙasa a gidan manya?"

"To yaya za ka aza shi?"

"Baki sama. In ɗaki na yoyo, kwano kake tarawa ko kihewa kake?"

"Tarawa."

"To. Ruwa shi taho, hwaranti shi tare shi tun sama, bai ko ga bututu ba. In an ƙare mu kwashe mu ba awaki."

"Hayaƙin hwa?"

Maitama ya yi murmushin wanda aka yi wa tambayar da yake jira. Ya ɗauko ƙusa da guduma, ya huda tsakiyar farantin, huda kusan hamsin, kamar rariya. "Ga hanyarshi. Ƙanana na. Hayaƙi siriri na, shi wuce. Ruwa ko mai jiki na."

"Maitama," in ji Tsoho daga dakali, "ina ruwa ka taruwa cikin kwano, gehe ko tsakiya?"

"Ka taɓa tuƙa jirgi?"

Ndubuisi ya ce shi dai hannunsa ba ya ciki, ya roƙi duk wanda ke wurin ya zama shaida. Maitama ya ce dama bai gayyace shi ba. Mu huɗu muka taimaka aka ɗaga farantin, ba don mun yarda ba, sai don muna son ganin ƙarshen abin. Ya zaunar da shi a bakin bututu, ya ɗaure da waya ta ko'ina, har da igiyar shanya.

Abin haushi, ranar Asabar ko ɗigo ba a yi ba. Hayaƙi ya riƙa fita ta hudojin nan siri-siri, gwanin kyau. Maitama ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya wuni yana karɓar gaisuwa. Har wani mai babur daga Zurmi ya tsaya ya tambaya ko tasha nawa yake kamawa, Maitama ya ce masa wannan na hayaƙi ne, ba a kawo irinsa Zurmi ba tukuna.

Lahadi da sassafe motar Shinkafi ta iso. Aka yi addu'a, aka raɗa wa jaririya suna Asiya, aka raba goro, aka yanka rago. Maza suka zauna a rumfar da aka kafa a ƙofar gida, mata suka cika ciki. Hajiya Ladidi ta zauna a bakin ƙofar ɗakin mai jego, inda take hango kicin sosai. Kulsumu ta ɗora babbar tukunya da kashin farko na shinkafa, ta dahu luguf, ta fara tuƙi. Fari tas, ko ƙamshin itace babu.

A waje kuwa Maitama, cikin babbar riga ta shadda ruwan madara, ya tsaya a gaban surukai yana nuna sama da sanda.

"Wanga da kuka gani, ni na zana shi da kaina. Ruwan da duk za a yi, nan za shi tsaya. Ina ma a yi ruwa yanzu ku gani."

Ban taɓa ganin an amsa roƙo da sauri haka ba. Babu tsawa, babu iska, ruwa kawai ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Maza suka matsu a ƙarƙashin rumfa, kowa ido a sama. Farantin ya fara tara ruwa, kuma gaskiya ya tara da kyau.

"Kun gani?" in ji Maitama.

Mun gani. Hayaƙin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Sai bututun ya fara wani gurnani. Ruwan da ya taru a tsakiyar faranti ya bi ta hudoji hamsin ɗin nan ya gangara, yana wanke kunkunniyar shekara guda. Nauyin ya danna bututu, gwiwar da ke saman tukunya ta buɗe baki, baƙin ruwa ya zubo a tsakiyar farin tuwo. Sauran ya wuce cikin murhu, wuta ta yi tsaki, toka da tururi suka bugo waje. Matan da ke taya girki suka fito a guje, kowace da farar toka a gira. A sama kuma farantin ya karkata a hankali, ya tsinke igiyar shanya, ya juye abin da ya rage a kan rumfa, daidai inda ƙanin uban ango ke zaune, sannan ya faɗo titi ya yi ta juyi yana ƙara kafin ya kwanta.

Sai muryar Tsoho: "A kira awaki."

Kulsumu ta tsaya a kan tukunya tana kallon tuwon da ya koma kalar bango. Na ji daga bakin matata cewa hawaye sun cika mata ido, don shekara guda take jiran wannan tukunyar. Ta waiga ta ga Hajiya Ladidi na kallonta. Sai ta share fuska da gefen zane, ta sa aka sauke tukunyar, aka kwashe jiƙaƙƙen itace, aka kawo busasshe, aka mayar da gwiwar bututu aka ɗaure. Saura kashi ɗaya na shinkafa, daga shi babu wani. Ta shiga ɗaki, ta jawo buhu daga ƙarƙashin gado, ta yafa mayafi ta fito zaure ta sa aka kira mata maigida.

"Malam, amshi."

"Malhwa?"

"Ita. Hau ka aza."

Maitama ya dubi fuskarta, ya ga ba wurin zancen jirgi. Ya buɗe kwaɗon tsani, ya tattare babbar riga, ya hau cikin ruwa, surukai na kallo. Sai dai lokacin da farantin zai faɗi ya lanƙwasa bakin bututun, ƙafafun malfa suka ƙi zama. Ya gwada ta nan, ta zame. Ya gwada ta can, ta zame. Aka ce a kira Ndubuisi, aka ce yana coci, kuma ko ya zo ba a walda cikin ruwa.

"Ba ta zama," in ji shi, yana leƙa cikin gida ta saman katanga.

"To riƙe ta," in ji Kulsumu daga ƙofar kicin. "Yatsa huɗu. Har in kwashe."

Haka aka yi. Kulsumu ta hura wuta, hayaƙi ya hau, ya daki malfa ya fito ta gefe, kai tsaye cikin fuskar Maitama. Ya juya ta hagu, iska ta juyo da shi. Ya sauya hannu, ya karkata dama, hayaƙin ya bi shi. In hannunsa ya gaji ya sauko kaɗan, sai a ji Kulsumu daga ƙasa, "Ta yi ƙasa, Malam," ya ɗaga. In ya ɗaga da yawa, sai a ji, "Ruwa na shiga." Maza a waje suna ganin bayansa, mata a ciki suna ganin gabansa, babu ɓangaren da ya rasa abin kallo. Shadda ruwan madara ta manne masa a jiki, fuska ta yi baƙi, sai idanu.

Ƙanin uban ango, yana matse hularsa, ya ɗaga kai. "Malam Maitama, sannu da aiki."

"Yawwa," in ji Maitama yana tari. "Gwaji na nike. Sai an auna iska da hannu kahin a kahe."

"Ai ga ta nan," in ji Tsoho. "Hular da kac ce tana juyawa da kanta duk inda iska tab bi. Wallahi ba ka yi ƙarya ba."

Sa'a ɗaya da rabi ya yi a kan tsanin. Aka kwashe tuwo, malmala fari fat, aka zuba miyar taushe da naman rago, Kulsumu da kanta ta ɗauki kwano ta ajiye a gaban Hajiya Ladidi. Hajiya ta wanke hannu, ta gutsura, ta shinshina, ta kai baki. Ta tauna a hankali irin na wancan karon. Ta sake gutsura. Sai da ta kai loma ta huɗu sannan ta yi magana.

"Babu hayaƙi, Kulsumu. Ko kaɗan. Tuwo ya yi."

Kulsumu ta sauke ajiyar zuciyar da ta riƙe shekara guda, dariya ta kuɓuce mata. Hajiya Ladidi ta ɗaga kai ta dubi saman kicin, inda Maitama ke tsaye har yanzu da malfa a hannu, don babu wanda ya tuna ya ce masa an gama.

"Wagga hula taku ta yi min," ta ce. "Ina aka samun irinta? Ina son guda a Shinkahi."

"Guda anka yi, Hajiya," in ji Kulsumu. "Amma in akwai wuri cikin motarku, ku tahi da ita yau. Tuwo sau ukku taka ci, kuma kada ki kuskura ki tambaye ta zancen jirgi."